Karen Da Aka Bari A Ɗaure: Riƙonsa Da Sama Masa Sabon Gida

Duk ɗan Arewan da ya taɓa yin aikin gadi a manyan unguwannin Kudu, ko Ikoyi da Ikeja a Ikko, ko Bodija a Badun, ko unguwannin manyan ma'aikata na Fatakwal da Inugu, ya san cewa a gidaje da yawa masu gadin biyu ne. Akwai mai ƙafa biyu, wanda ke zaune a bakin ƙofa da tocila da 'yar rediyonsa, akwai kuma mai ƙafa huɗu, wanda ake ɗaurewa a bayan gida da rana, a kwance shi da dare. Muddin maigida yana nan, harkokinsa kuma suna tafiya, to, dukansu biyu suna samun abin sa wa a baka. Amma ranar da aka yi masa canjin wurin aiki, ko kasuwa ta juya masa baya, ko ya kwashi iyali ya haye jirgi zuwa Ingila ko Kanada, sai labari ya sha bamban. Mai ƙafa biyu yana iya naɗe tabarmarsa ya nemi wani gida. Shi kuwa mai ƙafa huɗu sarƙa ce a wuyansa, ba shi iya kwance kansa, ba shi kuma da bakin da zai kai ƙara.

Yadda abin ya saba faruwa shi ne, maigida ya bar kuɗin abincin kare na wata ɗaya ko biyu, da alkawarin zai riƙa aikowa. Kwanci tashi kuɗi su ƙare, aike kuwa shiru. Maigadi, wanda shi ma albashinsa ya soma makara, sai ya koma jefa wa karen ƙanzo da ragowar garin rogo daga nesa, don watakila tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa sa hannu a jikin kare ba. Kafin a yi wata uku sai a ga haƙarƙarin dabbar ya fito ana iya ƙirgawa, gashi ya zube, ƙudaje sun cinye bakin kunnuwa, haushin ma ya koma wani irin kuka mai ban tausayi.

A nan ne mutum yakan ga kamar hanyoyi uku kaɗai ke gabansa. Ko ya kau da kai har karen ya mutu a ɗaure, ko ya buɗe ƙofa ya kore shi ya shiga gari, ko kuma ya miƙa shi ga wanda ya fara zuwa da 'yan kuɗi a hannu. Ta farko akwai alhaki. Ta biyu tana iya jawo wa yaran unguwa cizo da cuta. Ta uku kuwa tana iya kai maigadi ofishin 'yan sanda ranar da mai kare ya dawo ya ce an sayar masa da dukiya. Akwai hanya ta huɗu, watau a ceci karen, a riƙe shi har ya murmure, sa'an nan a sama masa gidan da za a kula da shi. Hanya ce mai wahala, amma tana da tsari, kuma ba ta fi ƙarfin talaka ba in ya san matakanta.

Matsayin addini

Abin da ke fara tsai da yawancin mutane shi ne zaton cewa Musulmi ba shi da wata hulɗa da kare ko kaɗan. Littattafan da aka karanta a zaure ba haka suka nuna ba. Buhari da Muslim duka sun ruwaito labarin matafiyin da ƙishirwa ta kama, ya shiga rijiya ya sha, da ya fito ya tarar da kare yana lasar ƙasa mai danshi saboda ƙishi, sai ya koma ya ciko huffinsa da ruwa, ya kama shi da baki ya hauro, ya shayar da karen, Allah kuwa ya gafarta masa saboda wannan. Sun kuma ruwaito labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Duk wanda ya dubi karen da aka bari a ɗaure babu ci babu sha, zai ga cewa labarin nan na biyu bai yi nisa da shi ba.

Gaskiya ne an hana ajiye kare a gida haka kawai don sha'awa. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, malamin Ƙairawan, wanda kusan kowane almajirin fiƙihu a ƙasar Hausa ya karanta, ya ware karen gona da na kiwo da na farautar neman abinci a matsayin waɗanda aka yarda da su. Malamai da yawa na baya sun sa karen gadin gida cikin wannan sahu idan akwai tsoron ɓarayi. Masu sharhin littafin ma suna ba da labarin cewa shi kansa mawallafin ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi a zamanin tsoro. Har wa yau, a mazhabar Malikiyya, wadda ita ce aka fi bi a Arewa, jikin kare mai rai ba najasa ba ne. Wanke ƙwaryar da ya sa baki a ciki sau bakwai, a wurinsu, bin umurni ne. Shafi'iyya sun saɓa musu a kan wannan. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba sai ya tuntuɓi malamin unguwarsa, amma babu mazhabar da ta yarda a bar dabba ta mutu da yunwa a ɗaure.

Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. Sashe na 495 na tsohuwar dokar laifuffuka ta 1916, wadda jihohin Kudu suka gada, ya mai da zaluntar dabba laifi, ko ta hanyar duka ne ko ta hanyar sakacin da ya jawo mata wahala babu dalili. Hukuncin da aka rubuta a ciki shi ne ɗaurin wata shida ko tarar naira 50, kuɗin da yau ba za su sayi ko gwangwanin madara ba.

Inda aka mai da abin aiki

Ƙasar da ta fi daɗewa da tsara wannan sha'ani ita ce Ingila. A 1822 majalisar ƙasar ta zartar da dokar hana zaluntar shanu da dawakai da tumaki, bisa ƙoƙarin wani ɗan majalisa mai suna Richard Martin. A 1824 shi da William Wilberforce, wanda ya yi suna wajen yaƙi da cinikin bayi, da waɗansu mutane suka kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi a Landan, wadda daga 1840 aka san ta da suna RSPCA.

A 1860 kuma wata mata mai suna Mary Tealby ta buɗe wani ɗan wuri a unguwar Holloway don tara karnukan da suka ɓata da waɗanda yunwa ta galabaitar a titunan Landan. Da farko dariya aka yi mata, har jaridar The Times ta yi mata ba'a, ana ganin bai kamata a damu da kare ba alhali ga mutane suna kwana a titi. Matar ta rasu a 1865, amma gidan bai mutu ba. A 1871 aka mai da shi unguwar Battersea, inda yake har yau, daga 1883 kuma ya fara karɓar kyanwoyi. Wata ƙungiyar da aka kafa a 1891, wadda tun 2003 ake kira Dogs Trust, ita ma aikinta ke nan. Dokar jin daɗin dabbobi ta 2006 ta ɗora wa mai dabba a Ingila nauyin abubuwa biyar, watau wurin zama mai kyau, da abincin da ya dace, da damar yin ɗabi'arta ta halitta, da zama tare da 'yan uwanta ko ware ta gwargwadon bukatarta, da kuma kare ta daga ciwo da wahala. Daga watan Afrilu na 2016 ya zama tilas a sa wa kowane kare wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, mai ɗauke da lambar da za a gane mai shi da ita.

Abin da waɗannan ƙungiyoyi suka gano shi ne, karen da ya sha wuya ba ya warkewa sosai a cikin keji tsakanin ɗaruruwan karnuka masu haushi dare da rana. Don haka sai su ba da shi riƙo. Wani mai sa kai ya kai shi gidansa na 'yan makonni ko watanni, ƙungiya tana biyan kuɗin abinci da magani, kare yana nan a matsayin nata. Mai riƙo shi ne zai lura da halinsa, ya faɗa musu ko yana jituwa da yara, ko yana tsoron maza, ko yana bin kaji. Da wannan bayani ne za a zaɓa masa gida na dindindin, bayan an binciki mai nema da irin wurin zamansa, da sharaɗin in abin bai yiwu ba ya dawo da shi.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan tsari. Ya san ɗan riƙo, ya kuma san ba da kiwon akuya ko tunkiya ga wanda ya fi shi fili da lokaci. Bambancin kawai shi ne, a Nijeriya gidajen ceton karnuka kaɗan ne ƙwarai, yawancinsu na 'yan sa kai ne a manyan birane kamar Ikko da Abuja. Saboda haka wanda abin ya faɗo a kansa shi ne ƙungiyar, shi ne kuma mai riƙon.

Matakin farko, izini da rigakafi

Kafin komai, sai a tuna cewa kare dukiyar wani ne. Maigadi ya nemi mai shi, ko ɗan uwansa, ko dillalin da ke kula da gidan, ya faɗa masa halin da ake ciki dalla-dalla, ya nemi ɗaya daga cikin biyu, ko a aiko da kuɗin kula, ko a ba shi izinin sama wa karen wani gida. Izinin nan ya zama a rubuce, ko da saƙon waya ne, a kuma ajiye shi. In babu hali, a yi maganar gaban shaidu, kamar shugaban masu gidajen layin ko wakilin Sarkin Hausawa. A ɗauki hoton karen yadda aka same shi. Wannan 'yar takarda ita ce za ta raba mai taimako da sunan ɓarawo.

Na biyu shi ne tsaron kai daga ciwon haukan kare. Wannan ba cutar wasa ba ce. Bisa ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke amfani da shi, tana kashe mutane kimanin 59,000 a kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kuma wajen kashi 40 cikin 100 na waɗanda abin ke shafa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke samunta. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar, tana shiga ta cizo ko yakushi ko lasar rauni, ta bi jijiya a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Yawanci takan yi wata biyu zuwa uku kafin ta bayyana, amma tana iya fitowa cikin mako guda, tana kuma iya kai shekara. Da zarar alamunta sun fito, da wuya ƙwarai a tsira.

Sai dai ana iya riga ta. Tun ranar 6 ga Yuli 1885, lokacin da Louis Pasteur na Faransa ya yi wa wani yaro ɗan shekara tara allura bayan mahaukacin kare ya cije shi, yaron kuma ya rayu, aka san cewa allurar da aka fara da wuri tana hana cutar tashi. Saboda haka duk wanda kare ya ciza ko ya yakusa, ya wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudu har tsawon minti 15, sa'an nan ya tafi asibiti a ranar, ba washegari ba. Tsohuwar dabarar nan ta ƙona gashin karen a shafa a rauni ba ta kashe ƙwayar cutar. Karen da ya yi cizon kuwa a tsare shi a sa masa ido kwana goma, amma kada a jira kwanakin su cika kafin a fara allura.

Karen da ke dalalar da yawu, ko yana cizon duk abin da ya gani, ko muƙamuƙinsa ya saki, ko ƙafafunsa na baya sun shanye, ko halinsa ya canja farat ɗaya, kada kowa ya taɓa shi. A rufe wurin a kira likitan dabbobi. Wanda ba shi da waɗannan alamu ma, likita ne ya kamata ya fara ganinsa. Jihohi suna da asibitocin dabbobi na gwamnati, jami'o'in Badun da Abekuta da Nsukka kuma suna da asibitocin koyarwa na dabbobi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda ke wurin tun 1924, ta daɗe tana sarrafa allurar haukan kare a cikin gida. Ana yi wa kwikwiyo ita tun yana wata uku, a riƙa maimaitawa kowace shekara, a kuma karɓi katin shaida. Masana sun nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, cutar takan daina yawo a tsakaninsu. Ke nan wanda ya kai kare ɗaya aka yi masa allura ya taimaki yaran unguwa baki ɗaya.

Ciyarwa da jinya

Kuskuren da masu tausayi suka fi yi shi ne su cika wa karen da ya daɗe da yunwa kwano fal. Wannan yana iya kashe shi. Dalili kuwa shi ne, jikin da ya yi makonni ba ya samun abinci ya ƙarar da yawancin gishirin da zuciya da tsoka ke aiki da shi. In aka danna masa tulin abinci, musamman mai sitaci kamar tuwo ko tebar garin rogo, sai ɗan gishirin da ya rage ya gudu daga cikin jini a lokaci guda, zuciya ta rikice. Haɗarin ya fi yawa a cikin makon farko. Abin da likitoci ke ba da shawara shi ne a fara da ruwa mai tsabta kaɗan-kaɗan, sa'an nan abinci kimanin kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na abin da lafiyayyen kare irinsa zai ci, a raba shi sau huɗu zuwa shida a rana, a riƙa ƙarawa a hankali cikin mako guda zuwa kwana goma. Abincin ya zama mai dafaffen ƙwai ko nama ko kifin da aka cire wa ƙaya, da 'yar shinkafa.

Ragowar miyar gida ba ta dace da shi ba, domin albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare. Cakulan da inabi guba ne a gare shi, haka ma goro. Dafaffen ƙashin kaza yakan tsage ya huda hanji. Maganin ciwon kai da na ciwon jiki na mutane kuwa kada a ba shi sai da izinin likita, don waɗansunsu suna lalata masa ciki da ƙoda da hanta.

Bayan yunwa sai ƙwari. Kaska da ƙuma da tsutsar ciki suna shanye jini, shi ya sa in aka ɗaga leɓen irin wannan kare sai a ga dasashinsa ya yi fari maimakon ja. Zubewar gashi da yawan susa sau da yawa ƙazuwa ce, wadda wani nau'inta kan taɓa mutum, don haka a riƙa wanke hannu da sabulu. Al'adar nan ta shafa baƙin man mota a jikin kare mai ƙazuwa ƙona fata take yi, in ya lasa kuma ta zame masa guba, alhali kuwa akwai magani mai sauƙin kuɗi a wurin likita. A Kudu akwai kuma wani ƙuda da ke zuba ƙwai a ƙasar da ta jiƙe da fitsari, tsutsarsa ta shige cikin fata ta yi ƙurji mai ɗan rami a tsakiya. Karen da aka ɗaure wuri ɗaya yana kwana cikin ƙazantarsa shi ne abincinta. Maganin wannan shi ne a canja masa makwanci zuwa busasshen wuri mai inuwa, a riƙa sharewa kullum. Wani lokaci kuma akan tarar igiyar da aka ɗaura masa tun yana ƙarami ta nutse cikin naman wuya. Kada a fizge ta, aikin likita ne.

Akwai karen da ciwo ya riga ya cinye, wanda likita zai ce babu sauran dabara. A irin wannan hali allurar da za ta ɗauke shi ba tare da wahala ba ta fi a sa masa guba ko a rufe shi da duka.

Gyaran hali

Jiki yakan murmure cikin wata ɗaya ko biyu, amma tsoro ya fi daɗewa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Karen da aka saba duka yana iya maƙurewa ko ya yi gurnani da zarar an ɗaga hannu ko tsintsiya. Mai riƙo kada ya tunkare shi gaba da gaba, kada ya ƙura masa ido, kada ya sunkuya a kansa. Ya zauna daga gefe, ya yi masa magana a hankali, ya ajiye abinci ya ja da baya, ya bar karen ya matso don kansa. Abinci a lokaci ɗaya kullum, daga hannun mutum ɗaya, shi ne ke fara dawo masa da natsuwa. Kada a taɓa shi yana cin abinci, don wanda ya san yunwa yakan yi faɗa a kan kwano. Yara kuma a hana su zuwa kusa sai da babba.

Gurnani gargaɗi ne. In aka doke shi saboda ya yi gurnani, abin da zai koya shi ne ya yi cizo ba tare da gargaɗi ba. Haka kuma maganar da ake yi cewa yunwa da ɗauri su ne ke sa kare ya iya gadi, ba ta da tushe. Abin da suke haifarwa shi ne dabba mai firgici, wadda ba ta bambanta ɓarawo da ɗan masu gida. Idan ya fara samun ƙarfi, a riƙa zagayawa da shi da igiya safe da yamma lokacin da rana ba ta da zafi. Ranar da ya fara kaɗa wutsiya in ya ji tafiyar mai riƙonsa, to, an ci rabin aiki.

Neman gida

Mai riƙo ba mai ajiya ba ne na har abada. Yawancin 'yan ci-rani ɗaki ɗaya gare su, ko kuwa a ɗakin gadi suke kwana, ga tafiya gida da damina ko da salla. Kare kuwa yakan rayu shekara 10 zuwa 13. Saboda haka tun ranar farko ya kamata a soma cigiya, ta bakin likitan dabbobi, da maƙwabta, da abokan aiki, da masu gonaki da gidajen kaji na bayan gari.

Ba duk wanda ya ce yana so ake ba ba. Cinikin karnuka don nama sana'a ce sananniya a ƙasar nan. Kasuwar Dawaki da ke ƙaramar hukumar Kanke a Jihar Filato ta yi suna a kai, daga can kuma ake lodinsu zuwa jihohin Kuros Riba da Akwa Ibom. Wanda ya sha wahalar jinyar wata biyu ba zai so aikinsa ya ƙare a tukunya ba. Akwai kuma masu neman karya 'yar ƙasar waje don su riƙa sayar da 'ya'yanta har ta ƙare, su yar. Yi mata aikin hana haihuwa a wurin likita, ko fiɗiye namijin, yana rage wannan kwaɗayi, yana kuma rage yawan kwiyakwiyan da ake zubarwa a bola. Game da karɓar kuɗi kuwa, Risala ta ambaci hani a kan sayar da kare, ta ce an yi saɓani a kan wanda aka yarda a ajiye. Bayarwa kyauta ga wanda aka bincika ta fi kwanciyar hankali, in ya so mai karɓa ya mayar da abin da aka kashe na magani.

Binciken kuwa da ƙafa ake yinsa. Mai riƙo ya je ya ga gidan da idonsa. Akwai katanga ko shinge, ko kuwa wata sarƙar ce ke jiransa? Akwai inuwa da wurin fakewa daga ruwan sama? Wa zai riƙa ba shi abinci in maigida ya yi tafiya? In gidan haya ne, mai gidan ya yarda? Uwargida ta yarda? Akwai halin yin allura kowace shekara? Manyan karnukan waje masu yawan gashi suna cin abinci da yawa, zafi kuma yana wahalar da su, don haka ba kowane gida ne zai iya da su ba. Wanda yake tunanin aika kare Arewa wurin ɗan uwa mafarauci ko mai gona, ya tuna cewa karen da ya tashi a bayan katanga ba lalle ne ya iya daji ba, tafiyar kwana biyu a bayan babbar mota cikin rana kuma tana iya kashe wanda bai gama warkewa ba.

Shi ma mai riƙo akwai gaskiyar da ke kansa. In karen ya taɓa cizo, ko yana kama kaji, ko ba ya son yara, sai a faɗa tun kafin a miƙa shi. Ɓoye aibi shi ne ke sa a mayar da kare titi bayan mako guda, ko a wayi gari ya raunata yaron wani. Ranar miƙawa a haɗa da katin allura da kwanonsa da buhun da ya saba kwanciya a kai, a faɗi irin abincin da yake ci da lokutansa. A yi sharaɗi gaban shaida cewa za a gwada na mako biyu, in bai zauna ba a dawo da shi, ba za a sayar ba, ba za a kore shi ba. Bayan mako guda mai riƙo ya leƙa, bayan wata guda ya sake leƙawa. 'Yan kwanakin farko karen yana iya ƙin cin abinci ko ya ɓuya a lungu. Wannan ba abin tsoro ba ne, baƙunta ce.

Mutanen Arewa da ke zaune a Kudu an san su da riƙon amana, shi ya sa ake damƙa musu makullan gidaje da shaguna a tafi a bar su. Karen da aka bari a bayan gida yana cikin wannan amana, ko an ambace shi ko ba a ambace shi ba. Ba a ce kowa ya zama mai kiwon kare ba, ba a kuma ce a shigar da shi ɗaki ba. Abin da ake nema shi ne kwanon ruwa, da abinci gwargwado, da allura, da takardar izini, da haƙurin 'yan makonni har a sami wanda zai karɓa. Allah ya ba da ikon sauke nauyi, ya kuma kiyashe mu da alhakin marasa baki.